Haibirid a Gidanmu

A bayan a-kori-kura nake, tsakanin Gaya da Ajingi, ina zaune a kan buhun takin wani, saƙon Dakta ya shigo. Sabis ɗin hanyar nan kowa ya san halinsa, ya zo ya ɗauke, to muna hawa wani ɗan tudu ya dawo, waya ta yi ƙara a aljihu. Dakta shi ne malamin da ya duba min furojet ɗin ƙarshe a jami'a, ɓangaren injiniyan lantarki. Saƙon gajere ne. An ɗauke ni.

Bari in faɗi abin da aka ɗauke ni ɗin, don a gane. An fitar da kuɗin wani bincike ne na haɗin gwiwa, jami'armu da wata jami'a a kudu da sojojin ruwa da wani kamfanin batir, kowa ya kawo nasa. Abin da ake so a ƙera shi ne injin ƙananan jiragen sintiri, mai aiki da dizal da kuma batir. In jirgi yana zagaye a hankali, batir ya ja shi, ba ƙara, ba hayaƙi, ba shan mai. In ta kama a bi wani a guje, dizal ya tashi su haɗu su biyu. Ni nawa aikin shi ne 'yar ƙwaƙwalwar da ke tsakiya, wadda za ta riƙa yanke wa zai ja yanzu, wa zai huta. Ɗalibai kaɗan ake so, da digiri na biyu a ciki, kuma zaman Legas za a yi har kuɗin ya ƙare. Farawa kuwa farkon damina.

Wallahi ban san sanda na miƙe tsaye a motar nan ba, sai da wata tsohuwa mai rungume da zakara ta jawo rigata ta ce, zauna ɗan nan, kar ka faɗo mana a ka. Na zauna, amma yatsana bai zauna ba. Ni dama a danna waya ba a gaya min, 'yan ajinmu cewa suke babban yatsana ya fi kaina sauri. Kafin sabis ya sake guduwa na samo hoton wani jirgi mai bala'in kyau, wanda ko kusa ba irinsa za mu yi aiki a kai ba, na ɗora a sitatus na rubuta: “An wuce wajen. Yaronku ya shiga tim ɗin injin haibirid na jiragen sojan ruwa. Legas, ga mu nan.” Nan take guruf ɗin 'yan ajinmu ya kama da wuta. Wannan ya ce Kaftin, wancan ya ce oga a tuna da talakawa, wani ya ce mutumina ka cinye. Ina ta mayar musu ina dariya ni kaɗai, har muka shiga Ajingi na hau acaɓa zuwa ƙauyenmu, gaba da Toranke kaɗan.

Labarin ya riga ni isa gida. Matar Yayana tana ganin sitatus ɗina, ita ta karanta wa Inna a tsakar gida, da ƙarfi, da murnarta. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, yana gefe yana alwalar la'asar. Duk a cikin rubutun nan kalma ɗaya ya ɗauka.

Kalmar nan tana da tarihi a gidanmu. Ina firamare Baba ya sayo wani irin masara a kasuwar Gaya, a cikin leda mai hoto, ƙwayar an shafe ta da jan magani. Mai shagon ya ce sunanta haibirid. Shekarar nan fadamarmu ta zama abin kallo, masu wucewa a keke sai sun sauka sun tsaya. Baba ya yi abin da ya gada, ya zaɓi manyan goyo ya ɗaure ya rataye a saman madafa inda hayaƙi ke bugu, iri ke nan na baɗi. Da damina ta zagayo ya shuke fadamar duka da shi, ya kuma ɗiba ya bai wa maƙwabta da suka roƙa. Abin da ya fito ba ya ganuwa. Wani kara dogo, wani ko gwiwa bai kai ba, wani goyon in ka ɓare sai totuwa da 'yan ƙwayoyi nan da can kamar bakin tsoho. Ya koma wajen mai shagon, shi kuwa ko a jikinsa, ya ce ai Malam haibirid ba a ajiye irinsa, duk shekara sabo ake saye. A shekarar aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarmu. Amma ba sayar da san nan ne ya fi ci wa Baba rai ba, maƙwabtan da ya bai wa irin ne. Sai da ya bi su gida-gida yana ba da haƙuri.

Tun daga nan kalmar ta zama zagi a gidanmu. Butar roba mai kyau da ta fashe tun ba a je ko'ina ba, haibirid ce. Takalmin sallah da ya ɓalle a hanyar idi, haibirid. Ɗan siyasar da ya zo da fara'a lokacin zaɓe aka daina ganinsa, Baba zai ce wannan ai haibirid ne. Duk abin da ya yi kyau sau ɗaya bai bar baya ba. Ni kaina na girma ina faɗar ta haka, sai a jami'a na ji ta a bakin malamai da wata ma'ana, har na manta ta gida.

Na same shi a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, yana sassaƙa ƙotar sungumi don shuka ta kusa. Na cire takalmi na tsuguna.

“Baba, an wuni lafiya?”

“Lafiya lau, Auta. Ya hanya?”

“Alhamdu lillahi.”

Ya ci gaba da sassaƙarsa. Ni duk jawabin da na tsara a kan acaɓa ya gudu. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “An ce ka samu aiki da sojoji.”

“Ba soja zan zama ba, Baba. Bincike ne, karatu ne. Injin jirgin ruwa za mu ƙera musu.”

“Haibirid aka ce?”

Na ce e, na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga hannu kaɗan.

“Shiga ka ci abinci. Innarka ta ajiye maka.”

Shi ke nan abin da na samu a ranar. A gidanmu kuwa ba mai tafiya ko ta kwana biyu ce sai Baba ya ce je ka, balle wannan. Ba don zai tare hanya ba ne, ba zai tare ba. Kawai ba a taɓa yi ba ne, kuma ni ban ga ƙafar da zan taka in shiga mota ba tare da kalmar nan tasa ba. Ga Dakta yana jira, ya riga ya ce in ban tabbatar da wuri ba akwai wanda ke bayana a layi.

Akwai kuma maganar gandu. Mu har yanzu gandu muke, wato gona ɗaya ta gida, Baba a gaba, ni da Yaya a baya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Daga safe zuwa azahar aikin gandu ne, bayan nan kowa ya tafi gayaunarsa, ɗan filin da Baba ya yanka wa kowane ɗa ya noma na kansa. Tawa tana gefen wata tsamiya, gyaɗa nake sawa duk shekara, ko ina makaranta sai na san yadda na yi na zo shuka. Da gyaɗar nan na sayi wayar da nake ta rawar kai da ita. Yaya ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Ajingi, safiyarsa ta gwamnati ce, sai yamma da ƙarshen mako yake shiga gona. Gwiwoyin Baba kuwa sun daɗe da fara ba shi matsala, in ya yi kunya ɗaya sai ya dafa fartanya ya huta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga sharaɗi, amma kowa ya san lissafin: Auta ya gama, ya dawo, ya nemi koyarwa a Gaya ko nan kusa, ya karɓi gandu. Ni ma na sani. Na dai ajiye shi ne a wani lungu na kaina na rufe.

Ranar kasuwar Ajingi Yaya ya ce in raka shi sayen taki. Ya goya ni a babur ɗinsa, muna fita gari ya fara.

“Kaftin, riƙe ni da kyau, kar igiyar ruwa ta kwashe ka.”

“Yaya dan Allah bar ni, kaina ya yi zafi.”

“Kai da ko kududdufin bayan gari ba ka taɓa tsallakawa ba? Ranar da muka bi ta gadar Wudil ido ka rufe.”

“Ina yaro ke nan fa.”

“Jiya-jiyan nan.”

Na yi dariya duk da ba na so. Muka ɗan yi tafiya, sai na ce ya taimaka ya yi wa Baba bayani, kalma ce kawai ta zo ɗaya, injin daban masara daban.

“Kana ganin Baba bai san inji ba masara ba ne?”

“To me ya sa ya maƙale a kanta?”

“Ka tambaye shi mana, kai ne mai digiri.” Ya kauce wa wani rami, ya rage gudu. “Ni ba zan hana ka ba, ba kuma zan roƙar maka ba. In ka tafi, ni zan riƙa fita gona da asuba kafin ofis, in dawo in koma. Ba ƙorafi nake ba, faɗa maka nake, don kar ka je can kana ɗora hoton teku ka ɗauka komai nomal ne a nan.”

A kasuwa ya saya min rake, kamar yadda yake yi tun ina ƙarami in ya faɗa min magana mai zafi.

Na yi ta neman hanyar da zan bi da Baba. Na sauko da bidiyon wani inji, na ga in na miƙa masa waya zai ce idonsa ba ya gani. Na zana a takarda, na yage. Sai ranar Juma'a ana tsakiyar huɗuba hadari ya rufe rana, batirin solar masallaci ya yi sanyi, lasifika ta ɗauke, ladan ya fita da sauri ya tayar da janareta, murya ta dawo. Ina zaune a sahu na ji kamar in yi tafi. Ga misalin da nake nema nan a gabanmu.

Bayan la'asar na same shi a inda ya saba, wannan karon yana ɓarar gyaɗar iri a faranti. Na zauna a ƙasa na ja farantin ina taya shi.

“Baba, an ga abin da ya faru a masallaci yau? Sola ta gaza, janareta ya karɓa.”

“Na gani. Liman har ya maimaita inda ya wuce.”

“To shi ne aikin namu. Jirgi ne mai abu biyu, batir da injin mai. In ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa, in aiki ya yi nauyi su ja tare. Ni kuma zan yi abin da zai riƙa canja su da kansa, ba sai ladan ya fita da gudu ba.”

Ya yi murmushi, na farko tun da na dawo.

“Kamar shanu biyu a garma.”

“Haka, Baba. Wallahi haka.”

“To ai wannan abu ne mai kyau. Me ya sa suka sa masa wancan sunan?”

Na ce kalmar Turanci ce, ma'anarta haɗi kawai, a haɗa abu biyu su zama ɗaya.

“Masarar ma haka mai shagon ya ce. Haɗi ce.”

Na ce e, amma wannan ƙarfe ne, ba a shuka shi. Ya ce ya sani. Sai ya shiga yi min tambayoyi, wasu har sun so ba ni dariya. Za a ba ni kaki? Na ce a'a. Za a aske min kai? A'a. Tekun nan, in ka tsaya a wannan gaɓa kana hango waccan? Na ce ban taɓa gani ba ni ma, amma an ce ba a hangowa. Ya girgiza kai, ya ce to masu fito ta ina suke sanin inda za su? Ya tambaya ko akwai masallaci kusa da inda za a ajiye mu, ko ana samun gero. Ina ta amsawa, zuciyata tana cewa an zo wajen, yanzu zai ce je ka.

Sai ya ce, “Wa yake biya?”

Na lissafa masa su, jami'o'in da sojojin da kamfanin.

“Har yaushe?”

“An ba shi wa'adi. In ya cika za a duba, in aikin ya yi kyau wataƙila a ƙara.”

“In ba a ƙara ba fa?”

“Sai kowa ya kama gabansa.”

“Kai ina ne gabanka?”

Na tsaya da ɓarar gyaɗar. Amsar da yake so tana bakina, mai sauƙi ce, in ce gida mana, Baba, ina zan je. Da na faɗa da a take zai sallame ni, na san haka. Amma na dubi hannunsa a cikin farantin nan na kasa. Na ce masa gaskiya, wanda ya koyi irin wannan aikin, inda jirage suke can ake nemansa. In an ƙara kuɗin zan zauna. In ba a ƙara ba, mai yiwuwa kamfanin ko wani irinsa ya ɗauke ni, shi ma can bakin ruwa. Na ce zan riƙa zuwa, sallah da hutu, zan riƙa aike.

“A Ajingi ba jirgi,” in ji shi.

“Babu, Baba.”

“A Gaya ma babu.”

“Babu.”

Ya tsince wata ƙwaya da ta ruɓe ya jefar wa kaji.

“Ka ga, Auta, ni ba injin nake ji ba. Da na ji sunan, abin da ya zo min shi ne, an ɗauki abu daga nan an haɗa shi da na wani wuri, ya yi kyau, kowa ya tsaya kallo. Amma ba ya komawa gonar da ya fito. Na ce ko tsufa ne ya sa nake jin haka. Yanzu ka faɗa da bakinka.”

Babu faɗa a muryarsa, ko kaɗan. Da faɗa ya yi da na samu abin riƙewa, in ce bai fahimce ni ba, in shiga guruf in yi ta mita. Na ce, Baba ni ba masara ba ne. Ya ce ya sani, masara ba ta gardama. Ya miƙa min farantin ya ce in kai wa Inna, ya dafa bango ya tashi.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi wani iri. Ana gaisawa, ana cin abinci, ba mai ɗauko maganar. Abokai suna ta turo min Kaftin yaushe za a ɗaga, ni ko buɗewa ba na yi. Dakta ya kira, na zagaya bayan katangar gidanmu inda sabis ya fi kamawa, na ce ya ƙara min haƙuri, maganar tana wajen mahaifina. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, ya gane, amma sunayen ba a hannunsa za su kwana ba, masu kuɗin suna jira.

Inna ce kawai ta taɓo zancen, ina taya ta ɗaure tunkiya.

“Ka daina bin Babanku da ido kamar maraya. Ba ya son a matsa masa.”

“Inna, ke me kika gani?”

“Ni me na sani a jirgi? Na dai san tun ranar nan ba ya cinye tuwonsa.” Ta ja igiyar ta ɗaure. “Da ka yi masa ƙarya da ya fi cin abinci. Amma gara da ba ka yi ba.”

Na fara shirya wa kaina zama. Har na tambayi Yaya ko ana ɗaukar malaman lissafi a sakandaren Gaya, ya kalle ni ya ce in bari tukuna. Wani lokacin in ji zuciyata ta kwanta, in ce ai ba ni ne na farko da dama ta wuce shi ba. Wani lokacin kuma in tuna wani ne zai zauna a kujerata yana haɗa wayoyin da na kwana biyu ina mafarkinsu, sai in ji abinci ya fita raina ni ma.

Sai ruwa ya sauka, na sosai, wanda ya jiƙa ƙasa har ƙasa. Washegari Asabar ce, Yaya ba ofis. Gari na wayewa muka fita gandu gaba ɗaya. Yaya a gaba da sungumi yana sara, ni a baya da ƙwaryar gero ina zubawa ina rufewa da ƙafa, Baba yana nasa layin a hankali, in ya kai ƙarshe ya tsaya ya dafa ƙugu. Ƙamshin ƙasar nan har yau ban ji irinsa a wani wuri ba. Ba wanda ya yi magana mai tsawo. Muka yi har rana ta take, muka yi sallah a gindin bishiya, muka sha furar da aka kawo.

Lokacin gayauna ke nan. Na miƙe na ɗauki sungumi, don ko ban sa gyaɗa a ranar ba ina so in zaga tawa in ga yadda ruwa ya kwanta. Yaya ya nufi tasa. Sai Baba ya kira shi.

“Zo nan. Ku biyo ni.”

Muka bi shi, yana tafe yana ɗingishi, har gindin tsamiyar nan. Ya tsaya a kan iyaka ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya ce da Yaya, “Daga bana wannan ta shiga taka. Ka sa abin da kake so.”

Na ajiye sungumin.

“Baba, gayaunata ce.”

“Na sani, ni na yanka maka ita. Ba za a bar ta ta yi ciyawa ba, kuma ba a noma ta waya.” Ya juyo ya dube ni sosai. “Ka faɗa wa malamin naka kana zuwa. Allah ya tsare, Allah ya yi albarka. In ka je ka riƙe sallah, kuma kar ka shiga ruwan nan sai da wanda ya iya.”

Abin da nake ta jira ke nan, na samu. Na tsuguna na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Na so in ce a bar min ko gefe ɗaya, in na zo hutu in sa wani abu. Ban faɗa ba, don na san hutun ba zai zo daidai da ruwa ba, shi ma ya sani. Ya dafa kaina sau ɗaya, ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai. Yaya ya ce bari ya kai shi a babur, ya ɗaga hannu ya ce mu yi aikinmu, ƙasa tana shan iska.

Muka tsaya mu biyu a bakin filin. Yaya bai kalle ni ba, yana ta duba bakin sunguminsa kamar yau ya fara ganinsa.

“Ni fa ban roƙa ba,” ya ce.

“Na sani, Yaya.”

“To.” Ya tofa yawu a tafin hannu ya murza. “Gero zan sa. Gyaɗar nan taka wahala gare ta, ba ni da lokacinta. Akwai saura a ƙwaryar?”

Na ce akwai. Ya shiga ya fara sara daga gindin tsamiyar, inda nake farawa duk shekara. Na ɗauki ƙwaryar na bi bayansa, ina zubawa ina rufewa. Mun kai tsakiyar layi ya waiwayo ya dubi ramukan.

“Rage hannu, Kaftin, kana cika min iri. Gonar mutane ce.”